Alƙalami da 'Yar Takarda a Providence

Daga Boston zuwa Providence tafiyar kamar awa guda ce a jirgin ƙasa. Kana fitowa daga tasha, abin da zai fara tare maka ido shi ne ginin majalisar jihar Rhode Island, fari fat a kan tudu, da ƙatuwar ƙubbarsa ta dutsen marmara. Rhode Island ce ƙarama a duk jihohin Amurka, Providence kuma babban birninta, garin da Roger Williams ya kafa a 1636 bayan an kore shi daga Massachusetts saboda ya dage cewa hukuma ba ta da hurumin tilasta wa mutum abin da zai yi imani da shi. A watan Yuni na sauka, lokacin da rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe takwas, asuba kuma ta riske ka tun kafin ƙarfe huɗu. Yayana ya daɗe yana aiki a can. Shi ya tarbe ni, kuma a gidansa na yi masauki kafin ranar da zan shiga kwas.

Kwas ɗin na koyon koyar da Zentangle ne. Wani salon zane ne da ake yi a kan 'yar takarda murabba'i, inci uku da rabi kowane gefe, wato kusan milimita 89. Ana cika ta da zayyana mai maimaita kanta, da baƙar tawada da fensir, ba tare da an nufi siffanta mutum ko dabba ko gida ba. Masu abin suna kiran takardar tayil, domin idan aka gama ana jera na kowa da kowa wuri guda su ba da wani babban zane. Ni malamar sakandare ce ta 'yan mata a Kano. A waya na fara ganin salon, na riƙa bi da biro a bayan tsofaffin takardu bayan sallar isha, na kuma lura cewa idan na tashi daga kai zuciyata ta sauka, hayaniyar aji da lissafin gobe sun lafa. Da na ga yadda ɗalibaina ke firgicewa idan jarrabawa ta gabato, har wasu su kasa riƙe biro don rawar hannu, sai na ƙudura cewa zan je in koyi yadda ake koyar da shi daga wajen masu shi. Kwas ɗin taro ne na kwana huɗu, duk wanda ya kammala shi ana ba shi shaidar da suke kira CZT, kuma an sha yin taron a tsohon otal ɗin Biltmore da aka buɗe a 1922, a tsakiyar birnin.

Tun a mota Yaya ya yi mini tambayar da na san mutanen gida za su yi. Ya ce, “Ke kuwa kin bincika abin nan da kyau? Na ji sunan yana kama da na masu addinin Buda.” Na ce masa na bincika, Yaya. Babu wata addu'a da ake karantawa, babu wani abu da ake fuskanta, babu sharaɗin aƙida. Masu salon da kansu sun bayyana cewa ba su jingina shi da wani addini ba. Matakin farko dai shi ne mutum ya ɗan dakata ya gode, ni kuwa na san Wanda nake gode wa, bisimilla nake yi in ɗauki alƙalami. Na ƙara masa da cewa zanen ba ya ƙunsar surar abu mai rai, wanda hakan ya sauƙaƙa mini tunanin shigar da shi makarantarmu. Ya gyaɗa kai ya ce to Allah ya ba da sa'a.

Mutum biyu ne suka tsara salon, Rick Roberts da Maria Thomas, a wajajen 2003. Maria gwanar rubutun ado ce, irin masu ƙawata harafi da hannu. Rick kuwa ya yi shekaru masu yawa yana zaman kaɗaici da horar da zuciya kan natsuwa. Yadda suke ba da labarin, wata rana Maria tana cika bayan wani babban harafi da ƙananan zayyana, Rick ya yi mata magana ba ta ji ba. Da ta ɗago ta kwatanta masa halin da take ciki, na mance lokaci da mance gajiya, sai ya gane cewa wannan ne abin da masu neman natsuwa ke shan wahala kafin su samu. Daga nan suka zauna suna tunanin yadda za a warware abin da hannun Maria ya iya, har wanda bai taɓa zane ba ya bi ya kai ga irin wannan hali.

A Whitinsville suke, wani ƙaramin gari a jihar Massachusetts, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a mota daga Providence. Ranar wata Asabar Yaya ya ce in shirya mu bi kwarin kogin Blackstone in ga ƙasar da abin ya fito. Mun fara tsayawa a Pawtucket, inda masaƙar Slater take a bakin ruwa tun 1793. A nan aka fara cin nasarar kaɗa zaren auduga da ƙarfin ruwa a Amurka, kuma yara ƙanana na cikin ma'aikatanta na farko. Audugar da ta ciyar da masaƙun wannan kwari daga baya, bayi ne suka noma ta a kudancin ƙasar, kuma 'yan kasuwar Rhode Island sun yi ƙaurin suna wajen safarar mutane daga gaɓar Afirka ta Yamma. Na tsaya na daɗe ina kallon ruwan, raina babu daɗi. Daga nan har Whitinsville dogayen gine-ginen jan bulo ne ke bin kogi, wasu an mai da su gidajen haya, wasu ofisoshi. Garin ya samo sunansa daga iyalin Whitin, waɗanda kamfaninsu ya shahara da ƙera injinan kaɗi da ake kai wa masaƙu nesa da kusa. Ba mu ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba, zagayawa muka yi muka sha shayi muka juyo. Amma a hanyar dawowa na yi ta juya wani tunani. A wannan kwari ne inji ya karɓe aikin maimaici daga hannun mutum, don a yi shi da sauri a sami riba. Shekaru ɗari biyu bayan haka, daga kwarin nan kuma wasu suka fito suna cewa a mayar wa hannu maimaicinsa, a yi shi a hankali, domin akwai abin da zuciya ke samu a cikinsa.

Kafin taron na so in zauna a matsayin ɗaliba a gaban wadda ta riga ta sami shaidar, in ga yadda take tafiyar da aji. Matar Yaya ta samo mini wani zama da ake yi a ɗakin karatu na unguwarsu. Malamar dattijuwa ce, ta yi ritaya daga aikin jinya. Ta raba wa kowa tayil guda, da alƙalamin Pigma Micron mai lamba 01 na kamfanin Sakura na Japan, wanda bakinsa rubu'in milimita ne, da guntun fensir, da wata nannaɗaɗɗiyar takarda mai tsini da ake murza baƙin fensir da ita. Babu kilina a kan teburin, babu rula. Takardar da na riƙe ta auduga ce zalla, irin ta Fabriano ta Italiya, garin da ake yin takarda tun ƙarni na 13. Tana da kauri da ɗan kaushi, bakinta ba a miƙe sak yake ba, kuma idan alƙalami ya bi ta kanta kana jin ɗan sautinsa.

Ta ce mu ɗiga ɗigo huɗu da fensir, ɗaya kusa da kowace kusurwa, mu haɗa su da layi mara nauyi. Sannan mu ja wani layin a ciki yadda hannu ya ga dama, ya raba filin gida-gida. Wannan layi shi suke kira zare. Da farko ban ba waɗannan matakai muhimmanci ba sai da na dubi fuskokin mutane. Farar takarda tana da kwarjini, musamman ga wanda aka taɓa ce masa bai iya zane ba. Kafin kowa ya ankara, takardar ta daina zama fara, kuma ba a nemi gwanintar kowa ba tukuna.

Sai aka ɗauki alƙalami. Zayyanar farko sunanta Crescent Moon. A gefen gida ɗaya ka jera ƙananan rabin da'ira, ka cike su da baƙi, sannan ka bi bayan kowace da siririn layi, ka sake bin bayan wannan layin, ka sake, har layukan su haɗu a tsakiya. Ta biyu Hollibaugh, wadda aka sa wa sunan surukin Maria. Ka ja layi biyu a jere su ƙetare gidan, ka juya takarda ka ja wasu biyun, amma idan ka iso kan na farko sai ka ɗaga alƙalami ka tsallake ka ci gaba a ɗaya gefen. Nan take ido zai ga kamar itatuwa ne aka zube wani kan wani. Malamar ba ta taɓa nuna mana inda za a ƙare ba. Layi ɗaya take ja a allo, ta jira kowa ya ja nasa, sannan ta ja na gaba. Tana yawan tuna mana mu juya takardar maimakon mu murɗe wuyan hannu, mu kuma yi numfashi.

Kusa da ni wata tsohuwa ce 'yar asalin Laberiya, domin mutanen ƙasar suna da yawa a Rhode Island. Hannunta yana rawa sosai. Da ta zo jan layin Hollibaugh sai ya karkace ya shiga inda bai kamata ba, ta ajiye alƙalami ta ce ita ta ɓata tata. Na zuba ido in ga abin da malamar za ta yi, don a nan ne aikin da na zo koya yake. Ba ta karɓi alƙalamin ba, ba ta kuma kawo sabuwar takarda ba. Ta durƙusa kusa da ita ta ce ta ja wani layin a gefen karkataccen, ya bi karkatarsa daidai. Tsohuwar ta ja. Ta ce ta ƙara wani. Kafin a jima wurin ya zama wata lanƙwasa mai kyau da babu irinta a takardar kowa. Da aka zo sa inuwa, tsohuwar ta goga fensir a gefen lanƙwasar ta murza, abin ya taso kamar za a iya taɓa shi. Ta ɗaga takardar nesa da fuskarta tana kallo, ta daɗe ba ta ce komai ba.

A ƙarshe kowa ya sa harafin sunansa a gaba, ya rubuta kwanan wata a baya, aka jera tayil ɗin duka a tsakiyar tebur gefe da gefe. Umarni ɗaya aka ba mu, alƙalami iri ɗaya, amma babu biyu da suka yi kama. Ba wanda aka ce nasa ya fi. A makarantunmu yaro bai saba a ɗora aikinsa kusa da na wani ba sai don a auna su, shi ya sa wannan jeri ya tsaya mini a rai fiye da zanen kansa.

Ga abin da na fahimta game da inda natsuwar take fitowa. An rage wa mutum zaɓi ne har ya zama ba shi da abin damuwa sai layin da yake ja yanzu. Takardar ƙarama ce, za a iya gama ta a zama ɗaya. Launi ɗaya ne. Ba a nufi ta yi kama da komai ba, don haka ba mai cewa ba ta yi kama ba. Tawada ba ta gogewa, don haka babu komawa baya. Kusan duk zayyanar an gina su da ɗigo, da miƙaƙƙen layi, da lanƙwasa, da layi mai siffar S, da da'ira, abubuwan da duk mai iya rubuta sunansa ya riga ya iya. Akwai wata mai suna Paradox da ake yi da miƙaƙƙun layuka zalla a cikin alwatika, kowane layi ya tashi daga inda na baya ya tsaya ya ɗan kauce kaɗan, ana juya takarda. Ba ka ja lanƙwasa ko ɗaya ba, amma sai ka ga lanƙwasa ta bayyana tana murɗawa. Idan hankalinka ya tafi wani wuri za ka rasa kusurwar da kake, dole ka dawo da shi. Ban ɗauki wannan a matsayin magani ba, kuma ba zan ce wa uwar yarinya mai ciwon damuwa ta bar asibiti ta kama alƙalami ba. Hutu ne na ɗan lokaci da hannu ke samar wa kai, kuma yarinyar da ta san tana da hanyar samun wannan hutu ta fi wadda ba ta sani ba kwanciyar hankali.

Sauran kwanakin na yi su ne ina yawo da ƙaramin littafi. Malamar ta shawarce ni in koyi ganin zayyana a duk inda take, in kuma gwada warware ta. Titin Benefit, wanda ke kan tudu kusa da jami'ar Brown da makarantar zane ta RISD da aka kafa a 1877, ya ishi mai wannan nema: tsofaffin gidajen katako, daɓen bulo, shingayen ƙarfe masu murɗe-murɗe, har murafun magudanar ruwa. Wani dare kuma muka je kallon WaterFire, bikin da Barnaby Evans ya fara a 1994, inda ake hura wutar itace a kaskon ƙarfe fiye da tamanin a tsakiyar kogunan birnin, jama'a na tafe a bakin ruwa. Ya yi kyau ƙwarai, amma ni hankalina ya fi tafiya kan ƙarafunan gadoji.

Zayyanar da ta fi ba ni aiki kuwa a cikin gidan Yaya na same ta, a kan hularsa ta Juma'a da kuma wuyan babbar rigarsa. Mu ba baƙin zayyana ba ne. Wanda ya taɓa ganin allon sauka da aka ƙawata, ko aska takwas a ƙirjin riga, ko bangon tsofaffin gidajen Kano da Zariya, ko ƙwaryar da aka zana da wuƙa mai zafi, ya san hannun Bahaushe ya daɗe a wannan fage. Masu Zentangle ma ba su ce su suka ƙirƙiro maimaita zane ba, suna faɗa cewa abu ne da ɗan Adam ke yi tun fil azal. Abin da yake nasu shi ne tsarin koyarwar. A wajenmu yaro yakan zauna gaban mai ɗinki ko mai zayyana shekara da shekaru, yana kallo yana kwaikwayo, har hannunsa ya faɗa. Wannan hanya tana fitar da gwanaye, kuma ina girmama ta matuƙa. Sai dai ba ta da wuri ga matar aure mai 'ya'ya biyar, ko ɗalibar da ke da rabin awa tsakanin darasi da darasi, waɗanda ba sana'a suke nema ba. Su Rick da Maria sun ɗauki kowace zayyana sun fasa ta gida-gida a kan takarda, gida na farko layi ɗaya, na biyu a ƙara wani da jan alƙalami don a ga sabon da ya shigo, har a kai ƙarshe. Wannan fasawa ita na zo nema.

Na zauna da dagi, wanda yake shi ne tambarin Arewa, ina neman ta inda zan shige shi. Idan ka bi shi da ido, igiya ce ke hawa kan 'yar'uwarta ta kuma shige ƙarƙashinta, wato dabarar ɗaga alƙalami a tsallake da na gani a Hollibaugh. Na gwada farawa da ɗigo-ɗigo a jere don su riƙe mini wuri, sannan gajerun layuka biyu-biyu a tsakaninsu, na tsaye da na kwance suna karɓa-karɓa, sannan a haɗa bakunansu da lanƙwasa ta waje. Da na ga ya tsaya sai na kira ɗiyar Yaya, wadda ke aji biyar na firamare, na ce ta zo ta zama ɗalibata. Na hana kaina taɓa takardarta. A mataki na uku ta tsaya ta ce, “Gwaggo, wanne ne zai hau kan wanne?” Tambayarta ta nuna mini cewa matakin ya ƙunshi abu biyu a dunƙule, na raba shi gida biyu, muka sake. Wannan karon ta wuce ba tare da ta ɗago ba. Da ta gama ta ruga ta ɗauko hular babanta ta ajiye kusa da takardar tana gwadawa. A Amurka aka haife ta, Hausarta ma da ƙyar take fita, amma ranar ta yi ta tambayar babanta sunayen ɗinkin da ke jikin rigarsa, shi kuma yana faɗa mata waɗanda ya tuna.

Akwai abin da ke damuna, kuma da shi zan shiga taron. Kayan aikin nan masu kyau ne, na kuma yarda da hujjar masu salon cewa idan ka ba mutum takarda mai daraja ka nuna masa cewa aikinsa ma yana da daraja. Amma kuɗin tayil da alƙalamin da za su ishi aji ɗaya a makarantarmu ya fi ƙarfin iyaye, ya fi ƙarfina. Na sayi farin kwali na yanka shi daidai awon, na gwada da baƙin biro da fensir na makaranta, na murza inuwa da auduga a bakin tsinke. Layin bai kai na Micron tsabta ba, amma natsuwar ba ta ragu ba. A Kano masu buga katin biki za su iya yanka mini irin wannan kwali da yawa a farashi mai sauƙi. Abu na biyu shi ne yawa. Zaman da na halarta a ɗakin karatu, duka-duka teburi ɗaya muka kewaye, malamar tana iya durƙusawa kusa da kowa. Ajina ya ninka wannan sau da yawa, kuma yarinyar da layinta ya karkace tana iya kasancewa a can layin baya inda idona ba ya kai wa. Tunanin da nake yi shi ne in fara da 'yan kaɗan bayan an tashi, su kuma su zauna ɗaya a kowane benci idan aka zo yi da aji duka.

Taron yana tara mutane daga ƙasashe da dama, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da masu kula da tsofaffi, kuma ba a sharɗanta wa kowa shaidar karatun zane ba. Na rubuta tambayoyina biyu a shafin farko na littafina don in yi wa waɗanda suka koyar a manyan azuzuwa. A shafukan da ke biye akwai matakan dagi da na gyara, da na wani ɗinkin hula da ban gama warwarewa ba. Daren da zan koma otal matar Yaya ta ce kafin in tafi Kano sai na zaunar da ita da ƙawayenta na unguwa na koya musu, ta riga ta gaya musu ranar Lahadin da ke biye da taron. Na ce mata to, Anti, a tanadi kwali da almakashi.